Kundin Aikin Gyaran Bakin Titin Ƙofar Gidanmu

Asabar, 3 ga Mayu

Tsakanin katangar gidanmu da kwatar da ke bin gefen kwalta akwai wani tsirin fili wanda na shekara shida ina tsallakawa safe da yamma ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Abin da ya sa na waiwaye shi shi ne abin da na gani ranar Talatar da ta wuce, bayan ruwan farko: yara uku 'yan makaranta sun iso daidai ƙofarmu, suka tarar da ciyawa da ɓaraguzai da ruwa a kwance, sai suka sauka kan kwalta, wata mota ta ci birki a bayansu har ƙaramar cikinsu ta yar da jakarta. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma mita 14 ɗin shi ne tsawon gaban gidanmu gaba ɗaya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Yau na auna wurin. Tsawonsa mita 14, faɗinsa mita 2 da rabi, kuma a ciki akwai daɓen siminti mai faɗin mita 3 da mota ke bi ta shiga gida, saboda haka abin da zan yi aiki a kai mita 11 ne. Ƙarangiya da tsidau da aya-aya sun cinye shi. Ɓaraguzan da ke tsakiya kuwa nawa ne, ragowar bulon da aka zubar lokacin da muka gyara katanga, na ce za a kwashe gobe, goben ta zama shekara biyu. Na kuma lura ƙasar ta karkata ne zuwa katanga maimakon zuwa kwata, shi ya sa gindin katangar ya yi baƙi da laima har kusan gwiwa.

Niyyata ita ce in fitar da hanyar ƙafa mai faɗin mita 1 a jikin katanga, in dasa gajeriyar ciyawa a sauran mita 1 da rabi, in kuma yashe kwata. Na ware kuɗi daidai ƙarfina, kuma zan riƙa rubuta abin da na kashe a matsayin kashi cikin ɗari na abin da na ware, tare da awannin da aikin ya ci.

Laraba, 7 ga Mayu

Kafin in sa fartanya na je ofishin da ke kula da hanyoyin gari, domin in san matsayina. Jami'in da na samu ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "Malam, filin nan ba naka ba ne, yana cikin hanya. Amma idan ya yi datti kai za mu nema." Na ce, "Yallaɓai, to mene ne iyakar abin da zan iya yi a kansa?" Ya lissafa mini: in share, in yanke ciyawa, in yashe kwata, in dasa abin da ba zai tare wa direba gani ba, kada in gina komai, kada in kewaye, kada in toshe wa masu tafiya a ƙasa hanya, kada kuma in dasa itace sai da izini a rubuce. Ya ƙara da cewa duk ranar da masu ruwa ko masu wuta suka buƙaci tonawa za su tona, ba kuma wanda zai biya ni abin da na dasa.

Na fito ina jujjuya maganar, domin a ganina na farko akwai rashin adalci a ce wahala taka ce amma iko na wani ne. Da na bincika sai na ga a wasu ƙasashen ma haka lamarin yake, illa dai kowace ƙasa da inda ta ja layinta. A birnin Niyok na Amurka doka ta ɗora wa mai gida share hanyar ƙafar da ke gabansa, har da inci 18 na cikin titin kansa, wato kusan santimita 46. A birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan, a shekarar 2013 hukuma ta daina yanke ciyawar bakin titi a unguwannin tsakiyar birnin ta bar wa mazauna, aka kuwa yi ta ce-ce-ku-ce a kai. A Ingila kuwa galibi hukuma ce ke kula da wurin, amma sashe na 142 na Dokar Hanyoyi ta 1980 ya ba ta damar ba mai gidan da ke jikin hanya lasisin dasa tsirrai a wurin ya kuma kula da su. Dalilin hana mallaka a fili yake, tunda a ƙarƙashin wannan tsirin ƙasa bututun ruwa da wayoyi suke bi, a kansa kuma jama'a suke tafiya. Dalilin ɗora kulawa a kan mai gida shi ma na gane shi: ni ne nake ganin wurin kullum, kuma katangata ce ruwan yake ci.

Asabar, 10 ga Mayu

Ni da ɗana mun yi awa shida muna share wurin. Mun cika buhu 17 da leda da robobi da tsummoki, mun kuma kwashe baro 9 na ɓaraguzai. Ƙarangiya da tsidau ba su ba mu wahala ba, domin da fartanya ta shiga ƙarƙashinsu sun tashi, sai dai ƙayar da ta cika mana ƙafar wando. Aya-aya ce matsala. Na cire guda ɗaya a hankali don in ga yadda take, sai ga wani siririn zare baƙi kamar waya ya biyo ta, a ƙarshensa ɗan ƙullutu mai tauri, daga jikinsa kuma wani zaren ya tafi zuwa wani ƙullutun. Duk ƙullutun da ya rage a ƙasa sabon tsiro ne, saboda haka sara ta sama aikin banza ne, sai an tona an tsince. Sayen manjagara da safar hannu da buhuna, da ladan mai kwashe ɓaraguzai, sun ci kashi 14.

Talata, 13 ga Mayu

Na yi awa ɗaya da yamma ina tsince aya-aya, na cika rabin bokiti.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na sake yin awa ɗaya, kuma mita 4 suka rage.

Asabar, 17 ga Mayu

Yau na yi ɓarnar da ta fi ƙarfin aikin da na yi. A kusa da daɓen shiga gida akwai wani tudu mai tauri wanda fartanya ta kasa, sai na ari diga. A sara na huɗu na ji bakin digar ya shige cikin wani abu mai laushi, kafin in ɗago ruwa ya yi tsiri ya wanke mini fuska. Bututun roba ne da ke kawo ruwa gidanmu, kuma zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Na ruga in rufe makunnin ruwan, na tarar ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, sai da maƙwabcina na hannun dama ya kawo sifana muka haɗu muka murɗa shi. Kafin nan ruwa ya yi kusan minti ashirin yana zuba, ya mayar da duk inda na gyara taɓo.

Mai gyaran famfo ya zo da yamma, ya yanke wurin da ya fashe ya sa mahaɗi. Da yake aiki ya nuna mini abin da ya kamata in lura da shi tun farko: mitar ruwa tana jikin katanga, babban bututu yana bin gefen titi, saboda haka duk wanda ya ja layi tsakaninsu ya san inda ƙaramin bututun ya bi. Ya ce a wuri irin wannan shebur ake sawa a hankali a buɗe ƙasa a gani kafin a ɗauko diga. Jami'in nan ya ambaci bututu da wayoyi a ranar da na je, na ji shi da kunne amma ban riƙe ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da wayar wuta ce a wurin, da ba wannan labarin ake yi ba. Ba banza ba a Amurka aka keɓe lambar waya 811 da mutum zai kira kafin ya yi tono, a zo a yi masa alamar inda layuka suka bi.

Gyaran ya ci kashi 18, kuɗin da ba ya cikin lissafi, gida kuma ya wuni babu ruwa. Na zana taswirar wurin a bayan wannan kundi, na nuna inda bututun yake da nisansa daga ginshiƙin ƙofa.

Asabar, 24 ga Mayu

Yau yasar kwata muka yi. Yashi da leda sun cika ta fiye da rabi, kuma a ƙarƙashin daɓen shiga gida ruwa ya kwanta ya yi baƙi. Na ɗebo shi a wata tsohuwar roba na duba a rana, sai ga tsutsotsin sauro birjik, suna rataye a saman ruwan, da na taɓa robar suka nutse ƙasa gaba ɗaya suna wutsil-wutsil. A lokacin zafi sauro ba ya buƙatar fiye da kwana bakwai zuwa goma daga ƙwai zuwa mai fiffike, wato kowane mako ƙofar gidana tana yaye sabon garke, ni kuma ina ciki ina sayen maganin feshi. Mun fitar da baro 12 na laka, muka bar ta ta tsane kafin a kwashe. Ruwan ya tafi daga gabanmu, amma na ga ya je ya tsaya a gaban gidan Baba, dattijon da ke ƙasa da mu, inda bakin kwalbati yake a toshe. Na gani na yi shiru, na ce a raina wannan ba gabana ba ne.

Asabar, 31 ga Mayu

Mun daidaita ƙasa. Na kafa turaku a jikin katanga da bakin kwata, na yi amfani da tiyo mai haske cike da ruwa wajen awo, tunda ruwa a bakinsa biyu kullum daidai yake tsayawa. Na ba ƙasar gangaren santimita 2 a kowace mita, wato bakin kwata ya fi gindin katanga ƙasa da santimita 5. A hanyar ƙafa mun zuba tsakuwa baro 10 muka daddaɓe, a sauran wurin kuma ƙasa mai kyau baro 14 gauraye da taki.

Ciyawar da na zaɓa ita ce kiri-kiri, saboda tana jure rana da taku, kuma tana yaɗo a ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Ban sayi iri ba, wani abokina ya ba ni daga farfajiyarsa, muka gutsuttsura muka dasa da tazarar taƙi ɗaya. Tsakuwa da ƙasa da dako sun ci kashi 37, jimillar abin da ya fita zuwa yanzu kashi 69.

Talata, 3 ga Yuni

Ina ban ruwa safe da yamma, kuma na fara ganin masu wucewa suna bin hanyar tsakuwar.

Lahadi, 8 ga Yuni

Kiri-kiri ta kama, aya-aya ma ta dawo a wurare bakwai, na bi su na tone.

Alhamis, 12 ga Yuni

Jiya da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma da gari ya waye na tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na aikina ya tafi. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko laifina ne: indararon rufin gidanmu yana zubowa ne daidai kusurwar katanga, kuma ban sa shi cikin lissafi ba ko kaɗan. Ɓangaren rufin da ke zubar da ruwa ta nan ya kai murabba'in mita 60, kuma milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka ruwan milimita 25 kaɗai zai turo lita 1,500 ta bakin indararo guda. Ruwan ya haƙa rami inda ya faɗo, ya yanka sabuwar ƙasata biyu, ya tafi da tsakuwa da dashe.

Na biyu shi ne kwalbatin gaban gidan Baba. Da ruwan kwata ya iso can ya rasa hanya sai ya dawo da baya, ya cika kwatar da na yashe, ya haura kan ciyawa, ya bar mini leda da laka. Gidan Baba kuwa ruwan har zaurensa ya shiga. Na tsaya ina kallon jikarsa tana kwalfe ruwa da kwano, sai kunya ta kama ni, domin yasar da na yi ita ta sa ruwa ya isa gare su da sauri fiye da da, kuma na ga toshewar tun makonni uku da suka wuce.

Asabar, 14 ga Yuni

Na je na gaishe da Baba na yi masa jaje, na kuma gaya masa gaskiyar abin da na gani ranar da na yi yasa. Ya ce, "Ɗana, na san a toshe take. Da ƙarfina ba na barin tsinke a ƙofar nan, amma yanzu ko sunkuyawa ba na iya yi, yaran kuma duk suna nesa." Na ce, "Baba, ka bar mana wannan, mu za mu yi." Ya yi ta sa albarka har na rasa inda zan sa kaina.

A nan na ga gurbin da ƙa'idar kowa ya kula da ƙofar gidansa take da shi. Ta ɗauka kowane gida yana da mai lafiya da lokaci da kayan aiki, alhali a layinmu mai gida takwas akwai dattijo mara ƙarfi, akwai gidan da babu kowa a ciki, akwai kuma gidan haya inda 'yan haya suke cewa aikin mai gida ne, mai gida yana cewa ai su ke zaune a ciki. Na zagaya gidajen da yamma na yi magana da kowa. Gida biyar sun amsa. Mai kula da gidan hayar ya ce shi yana biyan haraji, don haka hukuma ta zo ta yi aikinta. Ban ga laifin maganarsa gaba ɗaya ba, domin kwalbati babba da gyaran bakin kwatar da ya rushe lallai aikin hukuma ne, amma ledar da ke ciki daga hannunmu ta fito.

Lahadi, 22 ga Yuni

Mu tara muka fito, muka yi awa huɗu a kan kwalbatin. Abin da ya toshe shi tsohuwar taya ce da ta gicciye a ciki, leda da yashi suka taru a bayanta. Sai da muka ɗaura mata igiya mutum huɗu suka ja kafin ta fito. Mun share gaban gidan Baba da na gidan da babu kowa, muka kuma rubuta takarda ɗaya da sa hannun gida shida zuwa ofishin hanyoyi game da bakin kwatar da ya rushe. Mun amince duk Lahadin farkon wata za mu duba kwatar tun daga sama har ƙasa.

Asabar, 28 ga Yuni

Na gyara ɓarnar ruwa. Na sa an haɗa wa indararo bututu ya sauko jikin katanga, ya bi ƙarƙashin tsakuwa ya fita kai tsaye cikin kwata, wannan karon da shebur na yi tonon ina duba taswirata. A ƙarshen filin, inda ƙasa ta fi zaizayewa, na dasa jema guda 20 a jere da tazarar santimita 15. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa, amma idan aka bar ta tana wuce mita ɗaya, tsayin da zai iya ɓoye ƙaramin yaro daga idon direba, don haka na nisanta ta daga ƙofar mota kuma zan riƙa datse ta a daidai gwiwa. Bututu da ƙarin ƙasa sun ci kashi 21, jimilla kashi 90.

Asabar, 5 ga Yuli

Sau uku cikin makon nan wani baƙon maƙwabta ya ɗora tayoyin motarsa biyu a kan ciyawar. Inda tayar ta tsaya ƙasa ta danne ta yi tauri, ruwa ya daina shiga, ciyawar ta yi ja. Ɗana ya kawo shawarar mu jera manyan duwatsu, kuma ni ma raina ya so haka, amma na tuna mai babur da zai iya kauce wa mota da dare ya ci karo da su, ga shi kuma an ce kada in toshe. Na jira mutumin na yi masa magana cikin mutunci, ya ba da haƙuri ya ce bai lura dashe ba ne. Na sassoka wurin da cokalin tono don iska da ruwa su shiga.

Asabar, 12 ga Yuli

Yau na yi yankan farko, da almakashin lambu, awa ɗaya da rabi. Na bi ƙa'idar masu kula da ciyawa ta kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka ɗaya. A gindin jemar wasu ƙananan furanni sun fito da kansu, ƙudan zuma na sauka a kansu, sai na bar su. Ƙungiyar Plantlife ta Birtaniya ta ce fiye da nau'in furannin daji 700 ne ke rayuwa a bakin hanyoyin ƙasar, tana kuma kira da a rage yawan yanka. A wurin da yara ke tafiya dai gajeriyar ciyawa na zaɓa, domin a ga abin da ake takawa, amma kusurwa ɗaya ba za ta cutar da kowa ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Na dawo daga aiki na tarar an tsaga rami tun daga farkon layinmu har ƙarshe, ana shimfiɗa wayar intanet. Ramin ya bi ta tsakiyar ciyawata, faɗinsa kamar taƙi biyu, an kuma jibge jar ƙasar da aka tono a kan hanyar tsakuwa. Na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba. An gaya mini tun ranar 7 ga Mayu cewa haka na iya faruwa, amma saninsa bai rage mini zafin ganinsa ba. Na nemi shugaban ma'aikatan na nuna masa taswirata, na ce, "Malam, ga bututun ruwa nan, ga na indararo nan, don Allah a kiyaye." Ya karɓa ya duba, ya ce da kowane gida zai ba su irin wannan da sun huta da rigima. Bututun biyu sun tsira.

Asabar, 26 ga Yuli

Sun mayar da ƙasa amma ba su daddaɓe ba, kuma jar ƙasar ƙasa ce ta dawo sama. Na daddaɓe ramin hawa-hawa ina yayyafa ruwa don kada ya lotsa daga baya, na rufe da ƙasa mai taki baro 3, na yanko yaɗon kiri-kiri daga gefen da ya tsira na dasa. Tsakuwar sai da na tankaɗe ta kafin ta rabu da laka. Wannan ya ci kashi 12, wato na zarce abin da na ware da kashi 2, kuma awannin aikina sun kai 61.

Asabar, 9 ga Agusta

Kiri-kiri ta fara rufe sawun ramin daga ɓangarorin biyu, kuma laimar gindin katanga ta ja baya da kusan taƙi ɗaya. Duban kwata na Lahadin da ta wuce mutum bakwai suka fito, cikinsu har da ɗaya daga cikin 'yan hayar. Takardarmu ba a amsa ba tukuna, zan koma ofishin ranar Talata in bi sawunta, in kuma nemi izinin dasa itacen inuwa guda ɗaya, nesa da bututu da wayar da aka binne, irin wanda saiwarsa ba ta fasa kwata. Abin da ya rage a wannan wata shi ne canja makunnin ruwan da ya yi tsatsa, da datse jema, da zuba tsakuwa a gaban gidan Baba domin hanyar ƙafar ta zarce har bakin kwalbati. Na auna wurin jiya, mita 9 ne, zai ci baro 8.